Babur Mai Batir da Kawu Ya Saya

A shekarar da fetur ya yi tsadar da 'yan kabu-kabu suka koma sayen rabin kwalba, wani da muka yi firamare tare ya dawo Sabon Birni daga Abuja. Tun muna yara ba ya kallon mutum a ido in yana magana, sai dai ya leƙa bayan kafaɗarka ko akwai wanda ya fi ka. Bai canza ba, tumbi kawai ya ƙara. Ya zo da baƙi biyu 'yan Kudu, mace da namiji, kowa da koriyar hula mai hoton ganye, da babbar mota shaƙe da sababbin babura masu aiki da batir.

Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare cikin gari. Ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya ce gobe akwai taro a bakin kasuwa, yana so in yi tafinta. Na ɗauka maganar baƙin za ni fassara. Ashe tasa ce. Mutumin da aka yanke wa cibiya a Gobir ya tsaya gaban abokan ubansa yana zuba Turanci, ni kuma ina gefe ina mayar musu da maganar ɗansu cikin Hausa. Ba dattawan yake wa magana ba. Baƙin yake so su ji, da wani mai ɗaukar bidiyo da ya ɗauko.

Ya ce duniya ta gama da fetur. Ya ce manyan attajiran ƙasashen waje sun daina zuba jari sai inda babu hayaƙi, kuma wannan shi ne jari mai ɗorewa, wanda jikoki za su ci. Za a kafa rumfunan caji masu sola a Sabon Birni da Isa da Burkusuma, in batirinka ya yi sanyi ka ajiye ka ɗauki cikakke. Duk wanda ya karɓi babur kuma ya zama mai hannun jari a kamfanin. Aka dasa ɗan icen mangwaro gaban rumfar taron, matar ta zuba masa ruwan roba, aka tafa. Kafin a gama kwashe kujeru akuya ta gama da shi.

Cikin masu sauraro akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ɗan kasuwa ne, yana kai wake da gero Nijar ta hanyar Burkusuma, ya dawo da taliya da dabino, duk a kan wani tsohon babur da ya san kowane rami na hanyar. Ya ɗaga hannu.

"Yaro, in batirin ga ya mace mani cikin daji, mi za ni yi?"

Nan ne kawai Hausa ta dawo wa mutumin. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai mashin ɗin nan ya fi ka wayo. Kullum yana magana da kamfani ta waya, su suna ganin duk inda yake."

Kawu ya gyaɗa kai. Da yamma na ce masa ya dakata har a gina rumfar Burkusuma tukuna. Ya ce, "Malam, hetur ya cinye ni. Abin da nika samu a hanya, a hanya nika barin shi." Ya sayar da tsohon baburinsa da bajimin da yake kiwo, ya karɓi sabo, aka ba shi hula.

Za ni faɗi gaskiya, baburin mai kyau ne. Ban taɓa raina ƙarfen ba, masu kawo shi na raina. Yana jan kaya kamar ba a ɗora masa komai ba, ba ya tari, ba ya zafi, ba ya neman baƙin mai. Abin da ya fi burge Kawu shi ne shirunsa, don a hanyoyinmu na shekarun nan ƙarar injin kan kira wa mutum abin da bai nema ba. Yakan wuce rugage a hankali, sai Fulani su ga mutum ya ɓullo kamar an ajiye shi. Rumfar caji ta Sabon Birni kam an kafa ta, tana aiki. A Isa allo kawai aka kafa da hoton rana tana murmushi. A Burkusuma ko allon ba a kai ba. Kawu ya koyi lissafa tafiyarsa yadda batir ɗaya zai kai shi ya dawo da shi, bai yi ƙorafi ba.

Sai aka rufe sabis na waya a yankinmu saboda matsalar 'yan bindigar daji. Abin da ba a faɗa mana a taro ba shi ne, in baburin ya ɗauki kwanaki bai ji daga kamfani ba, yakan ɗauka sace shi aka yi, sai ya kulle kansa. Ya kulle kansa ne da hantsi, bayan Burkusuma, da kaya niƙi-niƙi a bayansa, batir kuma da sauran caji. Kawu ya murɗa, ya danna, ya yi addu'a. Ya tura shi cikin rairayi har numfashinsa ya fara yankewa, shi kaɗai a wurin da ba a son tsayawa. Wani makiyayi da ya san shi ne ya nemo masa amalanke. Haka ya shigo gari da la'asar, babur kwance a kan amalanke, shanu biyu suna ja, shi yana biye a ƙasa. 'Yan kabu-kabu na bakin tasha ba su yi dariya ba, don da yawansu nasu baburan suna jingine a zaure, su ma sun ƙi tashi.

Ni masu baburan suka tura Sakkwato inda akwai sabis, in nemi wanda ya kawo su. Na bi ta Isa, na shiga bas, ina sauka na kira shi. Sai da na kira har na gaji kafin ya ɗauka.

"Mutumina! Ya garin?"

Na gaya masa abin da ya faru da Kawu.

"Subhanallahi. Amma ka gane, wannan duk cikin gwaji ne. Mun koyi abubuwa da yawa daga wajenku."

"Wa za shi buɗe baburan?"

"Ana dubawa. Ka ga bidiyonmu kuwa? Bari in turo maka. Baba ya yi kyau ƙwarai."

Ya turo. Na zauna a kan benci a tasha na kalla. Ga Kawu da hannu a sama, ana kiɗa mai taushi, an danne muryarsa. A ƙasa an rubuta da Turanci wai yana cewa rana ta 'yanta shi daga talauci. Ni na san abin da yake faɗa a wurin, don ina tsaye kusa da shi.

Da sabis ya dawo, baburan ba su buɗe ba. Aka ce kamfanin ya mayar da hankali wata jiha. Wata rana mota ta zo ta kwance farantan sola daga rumfar, ta tafi da su, ta bar ƙarafa huɗu a tsaye. Kawu ya kai nasa wurin makanike a Isa, makaniken ya buɗe, ya duba, ya ce shi bai san kan wannan ba. Daga ƙarshe wani mai kemis ya sayi batirin don firjinsa. Gangar jikin kuma aka ɗaura mata tsohon injin fetur, mai hayaƙin da ya fi na da. Da shi Kawu yake zuwa Nijar har yau. Maganar hannun jari bai ƙara tayar da ita ba, mu ma ba mu tambaye shi ba.

Mutumin bai sake taka garin ba sai da mahaifinsa ya rasu. Muka je ta'aziyya da Kawu, don marigayin abokinsa ne. Muka zauna a kan tabarma, aka yi addu'a. Ba a gama shafa fatiha ba mutumin ya matso kusa da wani direban bas na Sakkwato, ya rage murya, amma ina ji. Wai yanzu duniya ta koma mota mai aiki da iskar gas, kuma wanda ya shiga da wuri shi zai ci riba.

Kawu ya dubi ɗan marigayin ya ce, "Allah shi jiƙan Alhaji. Mutumin kirki ne." Ya dafa kafaɗata ya miƙe, muka nemi takalmanmu.