Furen da Inna ta liƙa a tsakiyar hoto

Jiya ina kakkaɓe albam ɗin marigayiya Inna, idona ya tsaya kan hoton da aka ɗauka a Sinnar ta ƙasar Sudan ina jinjiri, farkon shekarun sittin.

Inna gwanar ado ce. Takardar alewa take yankawa ta yi furanni, ta liƙa da ƙaro, kullum a gefen hoto. Nan kaɗai ta dasa fure a tsakiya, daidai fuskar matar da ke riƙe da ni. Duk rayuwata na ɗauka ita ce, kunyar ɗan fari ta sa ta rufe fuskarta.

Sai jiya na lura da hannun matar. Cindo gare ta, irin nawa. Inna ba ta da shi.

Na kai wa Goggo, ƙanwar Baba, a garin Mai Wurno.

"Goggo, wa ke ƙarƙashin furen nan?"

"Ado ne, ɗana."

"Ado mai yatsa shida?"

Ta rufe albam ɗin, ta danne da hannu. "Halas, ya isa. Wadda ta goya ka ita ta liƙa. Bar mata."

Ƙaron ya kama, in na ɓamɓare ƙila fuskar ta biyo takardar. Da ku ne, za ku taɓa shi?