Ragowar Anko a Shagon Maman Amos

Juliana, wadda duk Yelwa ke kira Maman Amos, tela ce. Daga wajen Bogoro aka kawo ta Bauchi tana amarya, da akwati ɗaya da bakin da ba ya ajiye magana ta kwana. Ta koyi ɗinki a zumuntar mata ta coci, ta haifi 'ya'ya, suka girma suka watse, aka bar ta da keken ɗinki da mijinta Obadiya. Keken ya fi shi hira.

Obadiya direba ne har ya yi ritaya. Wata safiya ya tashi, ɓarin jikinsa na hagu ya ƙi tashi tare da shi. Likita ya ce in ana so ƙafar ta dawo, sai ya riƙa tattaki a fili mai laushi, mai inuwa. In kuwa ya zauna, to ya zauna ke nan.

Likitan dai bai taɓa zuwa layinsu ba. Lungu ne da in akuya biyu suka haɗu sai ɗaya ta yi ribas. Kwata a dama, 'yan acaɓa a hagu. Tsakar gida kuwa, tuni mai gidan haya ya shuka ɗakuna a ciki.

Akwai lambun shaƙatawa ba nisa, da ciyawa da dogonyaro. Na jama'a ne, har allon ƙofa ya shaida. Sai dai an ba wani ɗan kwangila ya kula da shi, ya kuwa kula sosai: ranakun aiki kwaɗo a ƙofa, ƙarshen mako biki. Jama'a na da cikakken 'yancin leƙe ta wayar shinge.

Ranar da ta fara kai shi, maigadi Ɗanlarai ya tare su.

"Mama, sai ina?"

"Urushalima, ɗana. Ba nan ne filin jirgi ba?"

"Yau biki ake. Sai mai anko."

"Gobe fa?"

"Gobe babu biki."

"Madalla, sai mu zo goben."

"In babu biki ai ba a buɗewa, Mama."

Ta dube shi, ta dubi matan da ke shigewa cikin shuɗiyar atamfa. Ta gane atamfar. Ita ta yanka ta.

To, tela ba ta sata, almakashi ne ke da rabonsa. Tun daga ranar, duk ankon da ya ratsa shagonta, ragowarsa kan zama ɗankwali nata da hula tasa. Bikin Musulmi, bikin Kirista, ba su nuna bambanci. Ana can ana cashewa, su suna bayan rumfuna, ta riƙe shi ta bel, suna jan jiki daga wannan bishiya zuwa waccan.

"Baban Amos, ɗaga ƙafar nan, ba buhun gero ba ce."

"Da bakinki ne ya shanye, da gari ya huta."

Shinkafar mutane kuwa ba ta taɓa ci ba. Ta ce ciyawa suka zo takawa, ba roƙo ba. Ɗanlarai kan buɗe musu yana kallon sama.

"Mama, kuna da dangi."

"Allah ne ya yi mu da yawa."

Ƙafa ta fara jin magana, sai azumi ya kama, bukukuwa suka ɗauke, ƙafar ta koma gidan jiya. A shekarar nan babu limamin da ya kai Maman Amos ƙosawa a ga wata.

Bayan Sallah aka yi wani biki, amarya 'yar Inkil, dangin ango daga Zungur. Juliana da Obadiya suna cikin fama a bayan rumfa, mai riƙe da lasifika ya hango furfura da hular anko.

"Ga kawu can yana ɓuya! Kawu, a fito a sa wa yara albarka!"

Dangin ango suka ɗauka na amarya ne, dangin amarya suka ɗauka na ango ne, kowa ya tafa don kada a ce ba shi da tarbiyya. Juliana ta auna nisan da ido. Filin da faɗi, ba bishiyar dafawa, in ya kife a gaban jama'ar nan ta san ba zai ƙara yarda ya fito ba. Ta ƙanƙame bel.

"Sake ni," in ji shi, "ana kallo."

Ya miƙa mata sandar da yake dogarawa. Ya tafi yana tangaɗi kamar tsohuwar mota a hanyar ƙauye, amma ya tafi. Abin da likita da matarsa suka kasa, idon mutane ya yi. Ya isa, ya dafa kan ango, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, amarya kuma ta rage surutu tun yanzu. Maza suka ce amin da ƙarfi.

Ya dawo da ƙafarsa, gumi sharkaf. Juliana ta juya baya tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

"Wa ke aure Asabar mai zuwa?" ya tambaya.

"Wasu 'yan Miri. Ankon ruwan hoda ne, da furanni."

Ya dubi ciyawa.

"Ki ɗan rage furannin a gaban hular."