Inna da Gangar Mutanen Japan

Shekarar da mutanen Japan suka kawo baje kolinsu garinmu Gadarif na riga na zama matar aure, har da goyo a bayana, amma har yau ban manta da yammacin nan ba.

Bayan kaka ne, an gama yankan riɗi, manyan motoci suna ta jigilar dawa daga gonakin Gedambaliya zuwa kasuwar hatsi. Mu dai saninmu da Japan bai wuce tambarin da ke jikin motoci da rediyo ba. Sai ga shela cewa mutanen ƙasar da kansu za su zo babban filin gari su nuna sana'o'in hannunsu da kiɗansu, kuma ana son masu sana'a na gida su zauna kusa da su. A unguwarmu ta Hausawa ba a tsaya gardama ba. In dai saƙar faifai ce, Inna za a tura.

Inna mahaifiyata ce, kuma tana da wani abu da kowa a gidanmu ya sani amma ba mai faɗa. Kafin ta auri Baba 'yar bori ce. In ta ji ganga sai iskoki su hau ta, ta faɗi tana birgima, tana magana da muryar da ba tata ba. Baba kuwa limamin masallacin unguwa ne. Ya aure ta bisa sharaɗi guda, a gaban shaidu: ranar da ta sake faɗuwa a gaban ganga, a bakin aurenta. Ba mugu ba ne, amma maganarsa in ta fita ba ta komawa. Haka muka tashi muna ganin Inna tana toshe kunne da auduga duk ranar da ake biki a maƙwabta, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ko lugude ba ta yarda mu yi a turmi.

Shi ya sa da aka zo da maganar baje kolin, abin da ta fara tambaya shi ne ko akwai ganga. Muka aiki mijina ya leƙo, tunda direban tarakta ne, yana cikin waɗanda suka jawo wa baƙin kaya. Ya dawo yana bugun ƙirji, ya ce ba komai sai sarewa da wani abu mai tsirkiya uku kamar molo. Na ce, to ƙaton abin nan da aka ce an lulluɓe a kan tirela fa? Ya yi mini kallon marar sani, ya ce tankin gas ne na injin wuta. Mutumin nan ko hasumiyar masallaci ka lulluɓe da tamfol, cewa zai yi kayan tarakta ne.

Ranar da aka buɗe, ni na raka Inna. Aka shimfiɗa mata tabarma kusa da wata tsohuwa 'yar Japan, 'yar ƙarama, mai tsaga gora siriri kamar zare tana saƙa kwando. Ba mai jin yaren wata, amma kafin azahar sun gwada wa juna kantar yatsunsu suna dariya. Gefe guda wani yana naɗe takarda ta zama tsuntsu, yara suna ta ihu. Ga akussa baƙaƙe masu sheƙi, kana ganin fuskarka a ciki. Mai sarewa ya busa wani abu mai sanyi kamar kukan kurciya. Na saki jiki har na sayi gyaɗa.

Bayan la'asar aka jera kujeru, manyan masu gonaki da ma'aikatan hukuma suka zauna. Aka kira Baba ya yi addu'a, sannan aka zaunar da shi a sahun gaba, fuskarsa tana kallonmu. Sai samari 'yan Japan suka hau tirelar nan, kowa ya ɗaure goshi da farin ƙyalle, suka yaye tamfol.

Ganga ce. Ban taɓa ganin irinta ba, ban kuma sake gani ba. Bakinta ya kai mutum ya tsaya a ciki, sandunan kiɗanta kamar taɓarya.

Na ce, "Inna, tashi mu tafi."

Ta waiwaya, ni ma na waiwaya. Jama'a sun yi mana katanga ta baya, leburorin gona da 'yan gari, ba masaka tsinke. Hanya ɗaya ta rage, ita ce ta gaban manyan baƙi, ta gindin gangar kanta. Inna ta kwance bakin mayafinta ta ciro auduga ta cusa a kunne.

Bugun farko ba a kunne na ji shi ba, a ƙirji na ji shi. Ƙasa ta amsa, faya-fayan Inna suka motsa a kan tabarma, ɗan da ke bayana ya tsala ihu. Nan na gane auduga ba za ta yi mana komai ba. Kiɗan ya fara a hankali, ya riƙa hawa, samarin suna kuwwa suna dukanta da dukan ƙarfinsu.

Inna ta yi hamma. Tun ina yarinya na ji tsofaffi suna cewa da hamma abin yake farawa. Ta sake yin wata. Kafaɗunta suka fara girgiza daidai da bugun, kanta yana sunkuyawa yana ɗagowa. Na riƙe ta ta baya ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina haɗa surori ina ɓatawa. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ganinta a raina tana birgima cikin ƙura a gaban duk Gadarif, ina ganinta da ƙullin kayanta a ƙofar gidan da ta tsufa a ciki, ba ta da kowa a garin nan sai mu. Wata maƙwabciyarmu ta zunguri wadda ke kusa da ita, suka zuba mana ido. Na ɗaga kai na dubi Baba. Carbinsa ya tsaya cak a hannunsa, kuma ba gangar yake kallo ba.

Sai na ji Inna ta yunƙura za ta miƙe. Na danne ta, ta fi ni ƙarfi. Ta kai rabi, sai ta lalubo basillar da take saƙa da ita, ta ɗora hannun hagu a kan faifai, ta caka a tsakanin babban yatsa da manuni. Ta koma ta zauna. Duk sanda kiɗan ya hau, sai ta ƙara murza basillar. Jini ya bi kaba yana ɗiga. Tsohuwar nan 'yar Japan ta gani, ba ta yi ihu ba, ta zare ƙyallen wuyanta ta rufe hannun, ta ci gaba da kallon gabanta.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da aka yi bugun ƙarshe fili ya ɗauki tafi, Inna tana zaune, ta jiƙe sharkaf da gumi. Baba ya ci gaba da jan carbinsa.

Kafin magariba muka isa gida. Na dafa ruwa da gishiri, na durƙusa a tsakar gida ina wanke mata ciwon.

Na ce, "Inna, saura kaɗan su hau ki, ko?"

Ta dubi ruwan da ya yi ja a kwano.

Ta ce, "Su wa? Ya bitti, 'yata, waɗannan sun daɗe da barina, tun kafin in haife ki. Ba wanda ya zo. Ni ce nake so in tashi in taka rawa."

Na ci gaba da wanke ciwon.

Ta ce, "Kalas, ya isa, ɗaure mini hannun. Malam ya kusa dawowa daga masallaci, ban ɗora tuwo ba."