Mai Gangar da Na Cire

Akwai wata la'asar a gidanmu na Jidda da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen 'ya'yana, ita dai ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, amma har yau duk sanda na zauna gaban kwamfuta zan fara aiki sai ta faɗo min.

Sana'ata ita ce haɗa kiɗan hip-hop, wanda masu gambarar zamani ke hawa kai su yi waƙa. Ga wanda bai san yadda muke yi ba, tsohon faifai muke nema, galibi na jaz, kiɗan nan na ƙaho da ganga, mu yi ta saurare har mu ji wani wuri mai daɗi, daƙiƙa huɗu ko biyar. Sai mu gutsuro shi, mu sa ya riƙa maimaita kansa, mu rage masa gudu ko mu ƙara, mu cire gangunan da ke ciki mu ɗora namu masu nauyi. A wancan lokacin gani nake duk unguwarmu ta Mahjar babu mai kunnena, alhali ko mutum goma ba su san ina yi ba.

Baffana, yayan mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida da Allah ya yi wa babana rasuwa. Shadda da atamfa yake sayarwa a kasuwar Bab Makka. Mutum ne marar yawan magana, kuma ko kaɗan ba ya son aikina. "Dakan sakwara" yake kiran sa. Ya riga ya yanke hukunci cewa bayan Babbar Sallah in sayar da tarkacen nan in dawo shago in zauna, halas, magana ta ƙare. Ni kuma ba zan iya barin kiɗa ba, ba kuma zan iya ci gaba da shi babu albarkar mutumin da ya rene ni ba. Abin nan ya hana ni sakat.

Ana saura 'yan makonni Sallah, ya ce in ɗauko masa wata takarda a akwatinsa na ƙarfe, zai sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasar. A can ƙasa, nannaɗe cikin tsohon harami, sai na ci karo da faifan garmaho. Ba shi da kwali, rubutun tsakiyarsa kuma danshin Jidda ya cinye shi tas. Faifai a akwatin Baffa! Ban tambaye shi ba, na cusa a riga na wuce ɗakina. Sata ce, ba wani suna da zan sauya mata.

Da na ɗora allura, kai, sai da tsigar jikina ta tashi. Jaz ne, amma da ɗanɗanon can gida a ciki. Wajen tsakiya wani mai ƙaho ya yi wata 'yar gajeriyar busa mai taushi, nan take na san ita zan gutsuro. Sai dai a ganina tana da aibi biyu. Mai ƙahon kullum a makare yake shigowa, mai gangar kuma ya cika ƙananan surutai, nan taɓa can taɓa, ya ƙi barin wuri. Na sa manhaja ta tsame gangar gaba ɗaya na yar, na jawo busar na daidaita ta a kan layi cif, na ɗora nawa gangunan. Kwana uku ina wannan gyara, ina yaba wa kaina.

A rana ta huɗu mukayyif, na'urar sanyaya ɗakina, ya mutu, zafi ya sa na bar ƙofa a buɗe. Ban san ciwon gwiwa ya dawo da Baffa daga kasuwa da wuri ba. Ina cikin kaɗa kai na juya, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, ga faifan kuma a fili kan tebur. Na kai hannu zan kashe, ya ce, "Bar shi."

Ya saurara sau ɗaya, sau biyu, har sau biyar. Sannan ya ce, "Ina mai gangar?"

Na ce, "Na cire shi, Baffa. Haka ake yi, sai a sa sabuwa."

"Ka cire shi."

"Ya cika hayaniya ne. Shi ma mai ƙahon latti yake yi, na gyara masa." Ku ji fa, ɓarawo an kama shi da kaya a hannu, yana kuma koyar da darasi.

Baffa ya jawo kujera ya zauna a hankali. Ya ce, "Mai ƙahon ni ne. Kuma ba latti nake yi ba, jiran sa nake ya gama maganarsa in amsa. Ubanka ka cire, yaro."

Ni abin da na sani game da babana shi ne direban tankar ruwa ne, dogo, mai shiru. Ba wanda ya taɓa ce min ya riƙe sandar ganga. Baffa ya ce tun suna samari suke kiɗa a wani otal a Kano, shi da ƙaho ƙanensa da ganga, kuma faifai ɗaya tak suka taɓa bugawa. Da suka zo aikin Hajji suka zauna, tare suka ajiye kiɗan. Bayan rasuwar babana kuwa ko rediyo ba ya so ya ji, don kowace ganga ƙanensa take tuna masa. Ashe duk faɗan da yake yi da dakan sakwarata, ciwo ne yake kārewa.

Kunya ta rufe ni, ga baƙin ciki. Na ce, "Ka yafe min, Baffa, zan goge shi yanzu."

Ya ce, "Ka goge wa? Ka riga ka goge ɗaya, za ka ƙara da ni? Yalla, maza mayar da shi."

Na cire gangunana, na dawo da na asali, na mayar da busar inda take tun farko. Wannan karon ba aibi nake nema ba, saurare nake. Sai na ji shi sarai: bugu uku ƙanana, ɗan shiru, sannan ɗaya mai nauyi, ƙaho ya amsa. Na san bugun nan. Da shi babana yake ɗan bubbuga min baya da yatsu in ya ɗora ni a cinya. Abin da na kira hayaniya ke nan. Na kifa kai a tebur na yi kuka sosai, Baffa bai hana ni ba, don shi ma yana share ido da hannun riga.

Da muka natsu sai ya matso kusa da kwamfutar ya ce in nuna masa yadda ake yankan. Na nuna masa. Ya ce, "A'a, nan ka yanke masa numfashi. Matsa gaba kaɗan. Yauwa, nan ya kai aya." Har aka kira magariba yana ba ni umarni kamar shi ya ƙera na'urar. Ya yarda in sa ƙaramin bugu mai nauyi a ƙarƙashi, da sharaɗin kada ya taka na babana. Da za mu fita masallaci na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, maganar bayan Sallah fa?" Ya tsaya yana sa takalmi, ya ce, "Safiya ta shago ce, yamma taka ce. Allah ya yi albarka. Amma ka sake taɓa min akwati, sai na karya maka hannu."

Kiɗan nan har yau ban ba wani mawaƙi ya hau kai ba. Baffa ne ke sa shi a wayarsa a shago in kasuwa ta yi sanyi, yana gaya wa maƙwabta ƙanensa ne da ɗansa suka yi tare.

Abin da na koya shi ne, duk tsohon faifan da ya zo hannuna akwai mutane a ciki, kuma kowannensu uban wani ne ko ƙanen wani. Yanzu kafin in yanka sai na binciki su waye, in nemi izini inda za a samu, in kuma saurara har ƙarshe ba tare da na taɓa komai ba. In na ji wani ya makara, ba na saurin gyara masa. Sai na fara tambayar kaina, wa yake jira?