Moɗa Guda a Kowane Barmil

Bara, muna shan shayin safe wani direban lori ya iso daga garin Gallabat da labarin amai da gudawa. Kafin azahar mutanen mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, sun shigo unguwarmu da gwangwanin ƙwayar kalor ta tsabtace ruwa. Suka ce a sami mutum ɗaya ya tsaya bakin famfo, duk barmil, wato gangar ruwan da jaki zai ja zuwa gidaje, ya jefa masa ƙwaya. Aka zaɓi maigidana, Allah ya jiƙansa, don shi ne bai iya cewa a'a ba.

Mahaliyya ta yi shirin cuta, amma ba ta yi shirin mutanenmu ba. Mata suka ce shayi ya koma warin asibiti. Wani mai karo, keken jakin da ke ɗaukar ruwa, ya miƙa wa jakinsa ruwan, jaki ya kau da kai.

"Jaki ma ya ƙi, ya zol, bawan Allah! Mu za ka ba?" in ji mai karo.

Malam ba ya gardama. Ya aiko in ba shi moɗa. Duk barmil ɗin da ya jefa wa ƙwaya, sai ya jira ta narke, ya ɗebi moɗa guda ya shanye a gaban mai shi. Masu karo kuwa ba sa yankewa daga asuba har la'asar.

Alwala ta daina zama masa. Liman ya mayar da shi ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. In ya dawo, tun daga ƙofar gida nake jin ruwa na kaɗawa a cikinsa.

"Malam, ga abinci, kisra ce."

"Hajiya, ina zan sa ta? Sai dai ta yi iyo."

Mutane suka fara karɓar ruwan, wasu don tausayinsa, wasu don su ga ko zai fashe. Cutar ta wuce, ba mu binne kowa a unguwa ba. Gwaggonsa kaɗai ta ƙi ruwan. Ta ce ita ba ta gani da idonta ba, sai ya zo ya sha daga randarta. Ya ce mata baɗi da ita zai fara.

Bana ya rasu ana saura kwanaki ruwan farko ya sauka. Mahaliyya ta sake kawo gwangwani, suka bar shi a hannuna. Jiya Gwaggo ta aiko tana tambaya wa zai sha. Gwangwanin da moɗar suna kan taga, ban ba ta amsa ba tukuna.