Ƙwaron da Aka Raɗa wa Sunan Ƙanena

Ko tsufa zai ɗauke mini komai, ranar da aka yanka rago saboda ƙwaro a ƙofar gidan ƙanena ba za ta fita raina ba. Na ga abubuwa iri-iri a garinmu Masama, cikin ƙasar Gwandu, amma wannan dai ya tsaya daban.

Daga tarin itacen girkina abin ya faro. Wata malamar jami'a ce ta zo garinmu da rani, Kirista 'yar ƙasar Zuru, mai ladabi, aikinta bin ƙwari. Da farko na ɗauka maganin feshi take sayarwa, sai na ga ba kashe su take so a yi ba, tsintar su take yi tana zubawa a kwalba. Ta nemi izinin duba itacen marke da na jibge a bayan ɗaki. Na ba ta, amma na jawo kujera na zauna, don ni ba na barin baƙo shi kaɗai da kayana.

Tana ɗaga wani gungume sai ta tsaya cik. Ƙwaro ne baƙi, tsawon ɗan yatsa, da ɗigon ja a baya, ga wasu siraran ƙahoni biyu da suka fi jikinsa tsawo. Mu mun saba ganinsa, ba mu taɓa damuwa mu ba shi suna ba. In ya fito, takalmi ne rabonsa. Ita kuwa nan da nan ta sa shi a kwalba.

Ta durƙusa ta yi mini bayani. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba, amma ganinta kaɗai bai isa ba. Sai ta ƙirga gaɓoɓin ƙahon a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta gwada shi da waɗanda aka adana a wasu ƙasashe, a aika da ƙafarsa ɗaya a auna, kuma dole a samo macensa, don wannan namiji ne. In aka rasa irinsa a ko'ina, to ita ce za ta raɗa masa suna, duniya duka ta riƙa kiransa da shi. Ta ce tana tunanin ta sa masa sunan garinmu. Na ce ta yi yadda ta ga dama, ta dai mayar mini da itacena yadda ta same shi.

To ina da ƙane, dillalin albasa ne, ya je Makka, kuma a lokacin babu abin da ke ransa sai kujerar kansila. Mutum ne da ko buta ya saya wa masallaci sai ya sa an rubuta sunansa a jiki. Maganar suna na shiga kunnensa ya iso gidana da babbar riga.

"Yaya, ashe arziki na kwance bayan ɗakinki ba ki hwaɗi ba?"

"Wane arziki? Ƙwaro ne."

"Ƙwaron da Turawa za su kira da sunana. Takwara za a yi min, Yaya, takwara na duniya."

A wurinmu in aka yi maka takwara an ɗaukaka ka, shi kuwa haka ya ɗauki abin ɗungurungum. Na ce masa, "Kai, ana yi wa mutum takwara da ɗan mutane, wanda aka san uwa tai da uba nai. Wanga ka san halinsa?" Ya ce ni ban yi boko ba, ba zan gane ba. Gaskiya ne ban yi ba. Shi ma aji uku ya yi ya gudu, ni na riƙa kamo shi a bakin fadama.

Daga ranar ya ɗauki Malama kamar uwa. Ya ba ta mota, ya ba ta masauki, ya hana kowa ƙona marke a unguwa. Da aka rasa macen a wajenmu, aka je aka same ta a Diggi, cikin ƙasar Kalgo. Nan hankalinsa ya tashi, wai mutanen Kalgo za su ƙwace masa suna. Ya riƙa bin majalisa yana rantsuwa cewa ƙwaron ɗan asalin Gwandu ne, aure kawai ya kai shi can. Malama ta yi ta kaucewa, shi kuma ya yi ta nacin a sa wa ƙwaron sunansa, har dai kunyar alherinsa ta kama ta, ta amsa.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, shiru. Sai ana gab da zaɓen fid da gwani saƙo ya iso: an tabbatar sabo ne, an buga shi a takardar masana da sunan ƙanena. Ya kafa rumfuna, ya yanka rago, ya gayyato wakilan da za su yi zaɓen, har da abokin takararsa don ya gani ya ƙone. Aka ɗora ƙwaron a kan tebur cikin akwatin gilashi, an soke shi da allura. Mu mata muna zaure muna leƙe.

Sai ya miƙa wa Malama lasifika, ya ce ta faɗa wa jama'a ko wane ne takwaransa. Baiwar Allah, ita da zuciya ɗaya take son ƙwaron nan, ta shiga yabonsa. Ta ce abin mamaki ne: tun yana tsutsa yake shiga cikin itace, ya yi ta ci daga ciki a ɓoye, waje kuwa sumul, ba wanda zai sani sai ranar da ginshiƙi ya karye rumfa ta zubo. Ta ce in ya cinye wannan sai ya tashi ya koma wani. Ta ce dogayen ƙahonin nan da su yake sansano inda abinci yake tun daga nesa.

Wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a bayan gari ya ɗaga sanda.

"Malama, to mi yaka amfana ma jama'a?"

"Baba, har yanzu ba mu gano ba, ana kan bincike."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah shi raya. Wanda ya zaɓi sunan ga ya iya zaɓe."

Abokin takarar ne ya fara tuntsirewa, sauran suka bi. Naman ragon ma da dariya aka ci shi. Kafin mako ya zagayo, duk matar da ta fasa itace ta ga tsutsa sai ta ce ga takwaran Alhaji. Matarsa, da ba ta faɗin sunan miji, ta koma kiran ƙwaron "mai sunan Malam". Ranar zaɓe wakilai suka ce ba za su ba shi ginshiƙin mazaɓa ya shiga ba. Ya faɗi warwas.

Ni ya ɗauka na raka shi wajen Malama, wai za ta fi jin nauyina. Ya ce ta goge sunan, ta ba mutanen Kalgo, ya yafe musu.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ta ce. "Dokar aikinmu ce, sunan da aka buga ba ya goguwa. Ko bayan ni da kai, da shi za a kira shi."

"Har jikokina?"

"Har nasu jikokin."

Muka shiga mota muka juyo gida, ban yi masa gori ba, don ɗan'uwana ne.

Abin da na koya shi ne, suna ba riga ba ne da za ka ara wa kowa don a gan ka. Duk abin da za ka liƙa wa sunanka, mutum ne ko dabba ko kujera, ka fara tambayar abin da yake ci da yadda yake cinsa, domin ranar da aka tashi bayyana halinsa a gaban jama'a, kai za a juyo a kalla.