Anti Baho, Mai Koya wa Yara Magana da Wasa

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakinta, wanda ke can ƙarshen baranda a asibitin yara, kusa da inda ake ajiye tsintsiya. Kafin mai shara ta iso, ta wanke bahunan robarta guda shida ta jera su a kan tabarma. Wani ta zuba masa shinkafar da ta rina ja da kore, wani yashi, wani auduga, wani ruwa mai kumfa. Saboda bahunan nan yara suka laƙaba mata Anti Baho. Aikinta koya wa yaran da bakinsu ya yi nauyi magana, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara ashirin da bakwai.

Idan babban hutu ya matso, sai ɗakin ya canja kama. Takardar naɗe kyauta mai ƙyalli, zare kala-kala, ƙananan ƙararrawa, balan-balan, ɓawon lemo don ƙamshi. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Lokacin hutu gida ke cika da baƙi. Kowa na surutu, shi kuwa wanda ba ya magana yana lungu, sai a ce ai shi haka yake. Ni kalmomin da zai buƙata ranar nake ɗora masa tun yanzu: buɗe, ba ni, ƙara, nawa."

Ban san ta ba sai ta dalilin 'yar ƙanena, wadda muke kira Auta. Shekararta huɗu, ko "Mama" ba ta taɓa cewa ba. Abin da take so, sai ta ja hannunka zuwa wurin. In ba ka gane ba, ta buga kai da bango. Ranar farko ubanta ya leƙa ɗakin, ya ga shinkafa a baho, ya juyo ya ce mini, "Yaya, wasan ƙasa muka hau mota biyu muka kawo ta yi?"

Anti Baho ta ji shi. Ta ce, "Baban Auta, cire takalmi ka zauna. Kai ma da naka bahon."

Auta ba ta yarda komai ya taɓa tafin hannunta, ko yashi ko kumfa. Sati uku tana tsaye jikin ƙofa. Anti Baho ba ta taɓa jawo ta ba. Sai ta zauna a ƙasa tana tsiyayar da shinkafa daga kofi zuwa kofi, tana cewa "shaaa," ita kaɗai, kamar ba kowa a ɗakin. A sati na huɗu yarinyar ta sa yatsa ɗaya.

A tsakiyar haka shugaban sashen ya ce yana buƙatar ɗakin don ajiyar kaya. Wata uku Anti Baho ta yi tana shimfiɗa tabarmarta a baranda, masu wucewa na tsallake bahuna, kullum kuma sai ta je ofishinsa ta gaishe shi ta tuna masa. Shi da kansa ya gaji ya miƙo makulli.

Ana saura sati biyu hutu, ta sa ƙararrawa a ƙaramin akwati, ta naɗe da takarda mai ƙyalli, ta binne a shinkafa. Auta ta tono, ta girgiza, ta ji ƙara. Ta yage takardar, murfi ya ƙi. Ta miƙa wa Anti Baho. Ita kuwa ta riƙe akwatin kusa da bakinta, ta haɗe leɓe, ta ce, "Bu... ɗe." Ta jira. Yarinya ta fara kuka. Uban ya yunƙura.

"Haba Anti, ki buɗe mata mana!"

"In ka ci gaba da yin magana a madadinta, yaushe za ta yi tata? Ba ni minti ɗaya."

Minti ɗayan bai cika ba Auta ta ce, "Bu." Nan take murfi ya tashi, ƙararrawa ta faɗo cinyarta. Sau goma sha ɗaya suka maimaita ranar.

Da hutu muka taru gidan mahaifiyarmu. Ana raba wa jikoki tsaraba, Auta ta ratsa cikin hayaniya da ƙunshinta, ta ɗora a cinyar tsohuwa, ta ce, "Kaka, buɗe." Ƙanena ya fita waje, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Anti Baho, ke ce kika zauna a ƙasa har gwiwoyinki suka fara ciwo, kina jiran harafi ɗaya daga bakin ɗan wani. Ba kowane yaro ya yi magana a hannunki ba, kin faɗa mini da bakinki, amma babu wanda kika sallama don kin gaji. Wanda harshe ya ƙi, kin koya masa nuni da hannu da hoto, ya dai faɗi abin da ke ransa.

Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya shekara biyu ba kalma, kada ku tsaya jiran wai kawunsa ma haka ya yi. Ku kai shi a duba. In kun dawo gida ku sauko ƙasa inda yake, ku yi tambaya, sannan ku yi shiru ku ba shi lokaci ya amsa.